Ido Ba Mudu Ba Ne: Aikin Farfesa Hadiza Galadanci a Kan Jinin Haihuwa

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Gumel



Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa na rassan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da kuka yi sammako kuka sha yashi, da mazajenmu da samarinmu da ke can baya gindin darbejiya, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama. Ma'aji ta karanta lissafi, kowa ta ji yadda riɗi ya yi da mu bana, ta ji na zoɓo da na man gyaɗa. Mu 'yan kwamitin walwala da aka ba mu ɗan lokaci sai muka ce a yi mana uzuri, tamu maganar ba ta biki ba ce sosai. A kan jini za mu yi magana, jinin haihuwa, da wata likita ta Kano da ta shafe shekaru tana bin sa da awo.

Abin da ya kai mu ga haka, da yawanku kun sani. Da daminar da ta wuce mun rasa 'yar'uwa. Ba za mu kama suna ba, mutanen gidanta suna zaune a nan. Haihuwarta ta shida ce, a ɗakinta, bayan isha, kuma ta zo da sauƙi har ana tsokanarta cewa ta zama gwana. Yaro ya faɗo da kukansa, mabiyiya ta biyo baya. Sai jini. Aka ce ai na haihuwa ne, gara ya fita da ya kwanta a ciki. Aka canja mata zane, aka sake canjawa. Sai da ta ce tana ganin duhu-duhu, ƙishi ya dame ta, sannan hankali ya tashi. Neman mota ya ci lokaci, da aka samu motar ba mai, hanya kuma ga ruwa ga yashi. Da aka isa asibiti, malamar da ta karɓe ta tambaya ɗaya ta fara yi: jini kamar nawa ta zubar? Mu huɗu ne 'yan ƙungiyar nan tsaye a wurin, kowaccenmu ta haihu, ta kuma ga haihuwar wasu ba adadi. Muka kalli juna. Ɗaya ta ce da dama. Ɗaya ta ce ba wani sosai ba. Kafin a samo mai ba da jini, kafin assalatu, rai ya yi halinsa. Saura mako biyu kwasar adashi ta zo kanta. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Kwana ya ƙare, wannan mun yarda. Amma tambayar malamar nan ta zauna mana a rai. Mu da ba ma yarda a sayar mana da gero sai an zuba a tiya mun gani da idonmu, mu ne muka kasa faɗin abin da ya fita daga jikin 'yar'uwarmu. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan hatsi haka ne. A kan jinin da ya jiƙa zane, ya shige katifa, ya gauraya da ruwan haihuwa, ashe ido bai san komai ba, kuma ba namu idon kaɗai ba, har na malaman asibiti da likitoci. 'Yar ɗaya daga cikinmu da ke karatun ungozoma ce ta fara gaya mana haka, ta ce akwai binciken da ya tabbatar, kuma wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya tana nan Kano. Yarinyar nan ta zauna da mu sau uku, tana karanta takardun a waya tana juya mana su zuwa Hausa. Abin da muka fahimta shi muka kawo muku.

Sunan likitar Farfesa Hadiza Shehu Galadanci. Ta yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta gama a 1987, ta ƙware a fannin mata da haihuwa, ta kuma ƙaro ilimi a Landan a kan yadda ake binciken lafiyar haihuwa. Tana duba marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tana koyarwa a Jami'ar Bayero, kuma ita ce shugabar wata cibiya a jami'ar mai suna ACEPHAP, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya don nazarin lafiyar al'umma. A 2024 mujallar TIME ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya a duniya. Wannan shi ne abin da aka fi yaɗawa a rediyo da Facebook. Mu kam lambar yabo ba ta dame mu ba, abin da muka so sani shi ne, me ta yi har aka ba ta?

Abu na farko da muka lura da shi, a takardun binciken da aka karanta mana babu wadda sunanta ke kai ita kaɗai. Kullum jerin sunaye ne, wani lokaci shida, wani lokaci su cika rabin shafi, na Kano da na Ibadan da na Legas da na ƙasashen da ba mu taɓa tunanin suna da abin haɗi da mu ba. Kar ku damu, ba za mu kawo muku karin maganar jinka ba, tun safe mun ji ta sau uku. Dalilin dai a fili yake. Mutuwa wajen haihuwa tana da yawa a ƙasa, amma a asibiti ɗaya cikin shekara ɗaya ba ta kai yawan da mutum zai ce wannan magani ya fi wancan ba, don ƙila sa'a ce kawai. Sai an tara haihuwa dubbai daga wurare daban-daban sannan gaskiya take fitowa. Likita ɗaya ko ta kai wa, ba ta da wannan jarin. Dole ta yi adashi da wasu.

Ɗaya daga cikin ayyukanta na baya, ma'aji za ta ji daɗinsa, don aikin littafi ne. Wajen 2008 ita da Farfesa Oladapo Shittu na Zariya, da wani likita Bajamushe Farfesa Wolfgang Künzel, tare da ƙungiyar Rotary, suka ɗauki asibitoci goma a jihohin Kano da Kaduna. Ba wani sabon magani suka kawo ba. Cewa suka yi a riƙa rubuta kowace haihuwa, kowace matsala, kowace mutuwa da sanadinta, sannan lokaci-lokaci a tara ma'aikatan a baje lissafin kowa ya ga inda yake, a gyara abin da ya lalace. A takardar da suka fitar a 2011, mutuwar mata a asibitocin ta sauko daga 1,790 cikin kowace haihuwa 100,000 a farkon 2008 zuwa 940 a ƙarshen 2009. Har yanzu da yawa, amma kusan rabi ke nan, kuma tushensa biro da takarda da zama a faɗa wa juna gaskiya.

A waɗannan shekarun dai ta shiga wani aikin tare da Farfesa Oladosu Ojengbede na Ibadan da wata ungozoma kuma farfesa daga Jami'ar Kalifoniya, Suellen Miller. Wata riga suka gwada, ta roba mai kauri, da ake naɗa wa mace tun daga idon sawu har mara, a matse. Idan jini ya zuba da yawa, ɗan abin da ya rage sai rigar ta tura shi sama wajen zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, mace ta samu ta riƙe rai kafin a kai ta inda za a ƙara mata jini ko a yi mata tiyata. Ba ta warkarwa, lokaci take saya. An gwada ta a Kano da Katsina da Ibadan, kuma a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da take ba da shawarar a yi amfani da su. Duk wadda ta taɓa riƙe mai jego a bayan mota daga Danzomo ko Galadi ko Medu zuwa Gumel ta san darajar awa ɗaya.

To, mu zo kan babban aikin, wanda ake kira E-MOTIVE.

Da farko ga girman matsalar. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara mata kimanin miliyan 14 suke zubar da jini fiye da kima bayan haihuwa, kimanin 70,000 kuma suke rasuwa a dalilinsa. Shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. A ƙiyasin 2020, Najeriya kaɗai ta rasa mata kimanin 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Yawanci abin da ke faruwa shi ne mahaifa, bayan ta sauke, maimakon ta tsuke ta toshe jijiyoyin da mabiyiya ta saki, sai ta yi laƙwas. Wani lokaci ƙari ne aka samu, wani lokaci guntun mabiyiya ne ya maƙale. Ma'aunin da likitoci suka sa shi ne mililita 500. Kar kalmar ta ba ku tsoro, ledar fiya-wata ɗaya ce cif. Idan jinin ya kai leda ɗaya an shiga haɗari. Idan ya kai leda biyu abin ya yi tsanani. Ku tuna zannuwan da muka ce an canja.

Magungunan duk an san su tun da daɗewa. Akwai allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke. Akwai wata kuma, tiranekzamik, mai hana gudan jini narkewa, kuma labarinta ya kamata mata su ji. Wata likita ce 'yar Jafan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samo maganin a farkon shekarun 1960, burinta a yi wa masu haihuwa amfani da shi, amma likitocin mata na ƙasarta ba su kula ta ba. Sai a 2017 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da mata, aka ga idan an yi allurar cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita Okamoto ta rasu a 2016, shekara ɗaya kafin a ji. Daga baya aka ƙara ganowa cewa kowane minti 15 na jinkiri yana zaftare kashi 10 cikin 100 na amfanin allurar.

Ke nan magani akwai. Inda gizo ke saƙa wuri biyu ne. Ba a gane cewa jinin ya wuce kima sai an makara, saboda da ido ake aunawa. In an gane kuma, sai a riƙa bi ɗaya bayan ɗaya: a yi wannan allura a jira a gani, in bai tsaya ba a aika a nemo waccan, ƙila ma ɗakin magani a kulle, mai makulli ya tafi cin abinci. Kafin a kai na huɗu mace ta yi nisa.

Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya, da kuɗin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, sai suka haɗa abu biyu. Na farko wata leda ce da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito. Ƙasanta kamar mazurari yake, da aljihu mai zane-zanen awo, jinin duk can yake taruwa, ungozoma tana kallon layi. Mudu ke nan. Na biyu, da zarar jini ya taɓa layin leda ɗaya, ko ya kai mililita 300 alhali jikin mace ya fara nuna alama, ba jira: a murza mahaifa ta kan mara, a yi allurar tsuke mahaifa, a yi ta tiranekzamik, a ɗaura ruwa, a duba ko ƙari ne ko guntun mabiyiya, in ya ƙi a kira na gaba. Duka a tare, cikin kamar minti 15. Kayan kuwa a haɗe suke cikin akwati ɗaya ko kan 'yar kura a ɗakin haihuwa, ba sai an fita nema ba. Aka horar da ungozomomi, aka kuma riƙa kawo wa kowane asibiti lissafinsa duk wata, irin dai wancan aikin littafi na Kano da Kaduna.

An yi gwajin daga 2021 zuwa 2023 a asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabin asibitocin a Najeriya suke, kuma Farfesa Hadiza ce ke riƙe da su. A Kenya akwai Farfesa Zahida Qureshi, a Tanzaniya Dakta Fadhlun Alwy Al-beity, a Afirka ta Kudu Farfesa Justus Hofmeyr, a Birmingham Farfesa Arri Coomarasamy. Suellen Miller ta aikin rigar nan ma tana ciki, kun ga abokin tafiya na kirki ba a yar da shi. Haihuwa sama da 210,000 aka bi. Kuma ba manyan asibitocin koyarwa aka zaɓa ba, matsakaita ne, ajin babban asibitin gari irin wanda muka saba zuwa.

Yadda suka yi don kar su yaudari kansu ya burge mu. Ƙuri'a aka yi, rabin asibitocin suka ɗauki sabon tsari, rabin suka ci gaba yadda suka saba. Waɗanda suka ci gaba yadda suka saba su ma an ba su leda, amma marar zanen awo, ungozoma ta yi ƙiyasinta da ido, daga baya wani ya ɗora ledar a sikeli ya rubuta ainihin nauyin. Ta haka aka kama idon dumu-dumu. A inda ake aiki da ido, cikin mata 100 da jininsu ya wuce kima, 51 kawai aka gane. Sauran an ɗauka lafiya lau suke. A inda ake da leda mai awo, an gane 93. Cikakken magani a tare kuwa, 19 cikin 100 suka samu a can, 91 a nan. Sannan abin da aka fi sa wa ido, wato zubar jini mai tsanani, ko buɗe ciki saboda jini, ko mutuwa: a tsohon tsari mata 43 cikin kowace 1,000 abin ya same su, a sabon tsari 16. Ragin kashi 60 cikin 100 ke nan, ba tare da an ƙirƙiro sabon magani ko ɗaya ba.

Sakamakon ya fito ranar 9 ga Mayu 2023 a New England Journal of Medicine, ɗaya daga cikin mujallun likitoci da aka fi girmamawa a duniya, kuma kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawarar da take bai wa ƙasashe.

Mun tambayi yarinyarmu, su masu ilimin da me suke auna junansu? Ta ce da yawan takardun da mutum ya fitar, da darajar mujallar da ta karɓa, sai kuma sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a nasu, har lamba ake ba mutum a kan haka. Ba mu raina ba, kowace sana'a da mudunta. Amma a ganinmu akwai awon da ya fi wannan, kamar yadda ake gane irin shuka mai kyau da yawan gonakin da suka zo roƙonsa. Aikin da aka yi da hannun ungozomomin Najeriya yau shi ake koya wa ungozomomi a wasu nahiyoyin. Mun saba komai daga waje ake kawo mana, a ce ga yadda za ku yi. Wannan karon da mu aka auna, kuma wadda ta zauna a teburin da aka tsara abin ta san mene ne goyon ciki, ta san kunyar ɗan fari, ta san abin da ake nufi in an ce maigida ba ya nan. Ga kuma ɗaliban da take yayewa a Bayero, waɗanda wasunsu su ne za su tsaya a kan 'ya'yanmu.

Wani abin da ya ƙara mana yarda da su shi ne ba kullum suke cin kasuwa ba, kuma in ba su ci ba suna faɗa. Ta yi aiki da Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas a kan ƙarancin jini ga masu ciki, mata sama da 1,000 a Legas da Kano. Suna son ganin ko sinadarin ƙarfe da ake ɗaurawa ta jijiya sau ɗaya zai fi ƙwayoyin nan da ake ba mu a wajen awo, waɗanda, mu faɗi gaskiya, rabinmu a ƙarƙashin katifa suke ƙarewa. Da sakamako ya fito a 2024, na jijiyar ya fi cike gurbin ƙarfen a jiki kuma bai cutar ba, amma a jimlar matan bai rage yawan masu ƙarancin jini yadda aka sa rai ba. Haka suka buga shi. Ko a E-MOTIVE ɗin ma sun ce matan da suka rasu sun fi kaɗan a sabon tsari, amma adadin bai kai wanda za a rantse a kansa shi kaɗai ba. Ɗan kasuwar da zai ce miki wannan buhun akwai tsakuwa, shi ake komawa wurinsa.

Maganar ƙarancin jinin nan kada ta wuce mu. Mace mai cikakken jini za ta iya zubar da leda ɗaya ta tashi. Wadda ta shiga naƙuda da ma a ɗashe, ga zazzaɓin cizon sauro, ga haihuwa kusa-kusa, ga tuwo ba miya mai kyau, rabin haka ma zai iya kayar da ita. Shan ƙwayoyin nan da zuwa awo ba gata ake yi wa malaman asibiti ba.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kanmu, kuma nan ne muka fi daɗewa muna gardama a kwamiti. Duk wannan aiki a cikin asibiti aka yi shi. Ledar tana kan gadon asibiti, allurar tana akwatin asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mu ba ma buƙatar bincike ya gaya mana, mu ƙirga a layin da muke zaune. Farfesa da abokan aikinta sun kawo abin har bakin ƙofar ɗakin haihuwa. Daga ɗakin mace zuwa wannan ƙofar, babu jami'ar da za ta yi mana. 'Yar'uwarmu ba rashin tiranekzamik a duniya ne ya ci ta ba, awa uku ɗin nan a tsakar gida da kan hanya suka ƙare.

Wata a cikinmu ta ce to mu sayi ledar mu raba wa ungozomomin unguwa. Muka auna muka ga a'a. Mudu ba tare da magani a gefe ba zai iya zama dalilin zama a jira layi ya cika. A gida doka ɗaya ce: in zane ya jiƙe sharkaf, ko ana ganin gudaji manya, ko mai jego ta ce jiri, ko gumi mai sanyi ya keto mata, a tashi. Ana neman mota ana murza mata mara har a ji mahaifa ta yi tauri, a sa mata jaririn a nono, a sa ta yi fitsari. Kada a tsaya dafa ruwan wanka, kada a tsaya jiƙo. Wanda ya fi duka dai a haihu a inda allurar take. Kuma in mun je awo mu buɗe baki mu tambaya, cikin ladabi: malama, kuna da ledar awon jini? Akwai allurar tsayar da jini a ɗakin haihuwa? Abin da mata suka yi ta tambaya, shi ake sawa a kasafi.

Jihar nan ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Manyanmu sun tuna shirin Haihuwa Lafiya, da aka riƙa haɗa direbobi da asusun gaggawa da masu ba da jini a ƙauyuka. Inda aka riƙe shi ya yi amfani, inda aka sake shi ya watse. Mu abin da muke da shi wanda shiri daga sama ba shi da shi, shi ne duk mako muna haɗuwa, kuma muna da littafi da ma'ajin da ba ta yafe ko sisi.

Don haka kwamiti yana roƙon taro ya amince a ware naira 200 daga zubin kowace mamba duk mako, a ajiye daban, kuɗin mota da mai da abin da asibiti zai nema cikin dare, kuma kuɗin ya zauna a hannun mace biyu a kowane reshe, ba a asusun Gumel ba, don ƙarfe biyun dare ba a zuwa banki. Mun san abin da za a ce, an ma riga an faɗa mana: wannan zai rage abin da ake ba da rance lokacin sayen riɗi, lokacin da kowa ke neman jari kafin farashi ya tashi a kasuwar Alhamis ta Maigatari. Gaskiya ne, zai rage. Ma'aji ta buga lissafin, za ta karanta muku reshe-reshe kafin a kaɗa ƙuri'a, kowa ta san abin da take sayarwa da abin da take saya. Kowane reshe kuma ya kawo sunan direba biyu da lambarsu, waɗanda aka yi magana da su tun da rana tsaka aka daidaita kuɗi, a rubuta a bangon littafin reshe.

Saura ku na gindin darbejiya. Alhaji, Malam, yayyenmu da ƙannenmu, abu biyu muke roƙo, kuma babu kuɗi a ciki. Na ɗaya izini. Ciki in ya kai wata bakwai, maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta cewa ko yana nan ko yana Legas, ko waya ta shiga ko ba ta shiga ba, in abu ya taso a wuce da ita. Iyayenmu surukai, wannan har da ku, don mun san sau da yawa maganar a bakinku take. Na biyu jini. Leda ɗaya da namiji lafiyayye zai bayar ba ta rage masa ƙarfi, jiki yana mayar da ita. Muna son kowane reshe ya samu maza goma da za su je a gwada rukunin jininsu tun yanzu a rubuta, don ranar da ake nema kada a tsaya ana buga ƙofofi. Samarin da ke cika mana gari da ƙarar babur, ga inda za ku nuna jarumta.

Sakatariya tana bakin ƙofa da littafi biyu, ɗaya na direbobi ɗaya na masu ba da jini, maza za su iya rubuta suna tun yanzu kafin a sauke abinci. Maganar naira 200 kuma bayan azahar za a kaɗa ƙuri'a, da ɗaga hannu, reshen Sule Tankarkar ne farko.